Karin Kumallon Yara: Yadda A Ke Yin Soyayyen Hatsi A Gida

An shirya wannan ɗan littafi domin iyaye maza da mata mazauna karkara. Wanda ya iya karatu ya tara mutanen gidansa da maƙwabta ya karanta musu, musamman matan gida, don su ne ke riƙe da muciya. Maganar da ke ciki guda ɗaya ce: kada yaro ya fita da safe sai ya ci abin da zai riƙe shi. Za mu nuna yadda a ke haɗa irin wannan abinci da gero da gyaɗa da riɗi, a yi shi rana ɗaya, a ci har mako.

Me Ya Sa Karin Kumallo Ya Zama Tilas?

Yaron da ya ci tuwo bayan magariba ba ya sake sa kome a baki sai gari ya waye. Tsakanin nan sa'a 10 ne ko 12. Babba yana iya daurewa har hantsi, amma yaro ba haka ya ke ba. Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci mai yawa a zama ɗaya. Ga shi kuwa aiki biyu abinci ke yi masa: yana ba shi ƙarfin tafiya da wasa da karatu, yana kuma gina masa ƙashi da tsoka da jini, tun da girma ya ke yi kullum.

In yaro ya tafi makaranta da yunwa, kafin a yi nisa sai ka ga yana hamma yana gyangyaɗi. Malami yana magana, shi hankalinsa yana wajen ciki. Haka kuma wanda a ka tura kiwo ko gona. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

A gidaje da yawa abu uku ke faruwa da safe. Wani gidan, kafin a share murhu a hura wuta a ɗora tukunya, lokacin makaranta ya yi, yaro ya fita haka nan. Wani gidan a kan ba shi tsinkakken koko kofi ɗaya. Koko abinci ne mai kyau, amma in ya tsinke yawancinsa ruwa ne, ya cika ciki yanzu, an jima kaɗan yaro ya fitsarar da shi. Wani gidan kuma kuɗi a ke miƙa masa, ya tsaya wajen mai tireda ya sayi biskit da alewa ko lemon kwalba. Waɗannan zaƙi ne da farin fulawa, ba su gina jiki, kuma suna ɓata haƙori.

Gidan da a ke samun ɗumame da miya mai kyau, ko koko mai kauri da ƙosai, ko fura da nono, to, a ci gaba da haka. Abin da za mu bayyana ƙari ne a kansu, domin ranar da babu lokacin hura wuta.

Abinci Iri Uku

Masana kiwon lafiya sun kasa abinci kashi uku, kuma jikin yaro yana bukatar kowane kashi kullum.

Na ɗaya, masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, dankali, da kuma mai.

Na biyu, masu gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, gurjiya, riɗi, nono, ƙwai, kifi, nama. Abin da ke cikinsu mai gina jiki shi likitoci ke kira furotin.

Na uku, masu tsare jiki daga cuta: ganyaye kamar zogale da alayyafo da rama, da 'ya'yan itace kamar mangwaro, gwanda, gwaiba, lemo da 'ya'yan kuka. Su ke ɗauke da abubuwan da a ke kira bitamin.

In an kasa gero kashi 100, wajen kashi 11 ne furotin. A gyaɗa kuwa wajen kashi 25 ne, kuma kusan rabin nauyinta mai ne. Waken suya ya fi su duka, don fiye da sulusinsa furotin ne. Riɗi ma kusan rabinsa mai ne, yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Ban da haka, furotin ɗin hatsi yana da giɓi, akwai abin da ya yi masa kaɗan, wanda ke da yawa a waken suya da sauran dangin wake. In an haɗa su a ƙwarya ɗaya, wannan ya cike giɓin wancan, jiki ya fi cin moriyarsu. Dalilin da ya sa koko da ƙosai ya fi koko zalla ke nan.

Yaron da ya daɗe yana cin hatsi zalla ya kan kamu da tamowa. A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a Ankara ta ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta rubuta bayanin wata cuta da ta ke gani a jikin yaran da a ka yaye a ka bar su da kokon masara kaɗai. Ƙafafunsu su kan kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta saɓule. Mutanen Ga na wurin suna kiran cutar kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane, kuma sunan da likitocin duniya ke kiranta da shi ke nan har yau.

Mene Ne Giranola?

A manyan kantuna na birni a kan sayar da wani abincin safe cikin kwali mai suna giranola. Asalinsa daga Amurka ne. A shekarar 1863 wani likita, James Caleb Jackson, mai gidan jinya a garin Dansville na jihar New York, ya kwaɓa garin alkama wanda ba a cire wa dusa ba, ya gasa, ya farfasa, ya sake gasawa. Ya sa masa suna granula. Don tsananin taurinsa sai an jiƙa shi a madara ya kwana kafin a iya ci. Daga baya wani likitan, John Harvey Kellogg, ya yi irinsa a garin Battle Creek, ya kira nasa granola. Irin wanda a ke ci yanzu ya yaɗu ne daga shekarun 1960. Da ots a ke yinsa, wani hatsi na ƙasashen sanyi, a haɗa da 'ya'yan itace masu mai da zuma, a gasa har ya yi ƙamas-ƙamas, a ci da madara.

In mun duba da kyau, dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Mun san tumu, mun san gugguru da gyaɗa, mun san dakuwa da kantun riɗi. Duk hatsi ne ko ƙwaya mai mai da a ka sa wa wuta don ta yi daɗi ta kuma daɗe ba ta lalace ba. Na kanti yana da tsada, kuma da yawa daga cikinsu an cika musu sukari. Wanda uwargida ta yi da hannunta kuwa ta san abin da ta zuba. A nan za mu kira shi soyayyen hatsi.

Kayan Haɗi

Da gwangwanin madara ƙarami za a yi awo, wanda ke akwai a kowane gida.

Tsakin gero, gwangwani 6.
Ɓararriyar gyaɗa, gwangwani 2.
Waken suya, gwangwani 1.
Riɗi, gwangwani 1.
Busasshen dabino, guda 15 zuwa 20.
Man gyaɗa, cokalin cin abinci 4.
Zuma, cokalin cin abinci 4, in akwai.
Gishiri mai aidin ɗan kaɗan, da dakakkiyar citta in ana so.

Wannan awo zai ishi yara uku kamar mako guda, in kowane yana cin rabin gwangwani da safe. Gidan da yara ke da yawa sai a ninka.

Inda babu gero, dawa ko masara ko acca duk suna yi. Inda babu waken suya, a ƙara gyaɗa. In gyaɗa ta yi tsada, dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji yana maye gurbinta, sai dai a ɗan ƙara mai, tun da an matse nasa. In babu zuma, dabino kaɗai ya isa, ko garin ɗorawa, ko mazarƙwaila 'yar kaɗan.

Tsintar Gyaɗa

Kafin a kai ga murhu akwai wani aiki da ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne tsintar gyaɗa. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko an ajiye su a wuri mai laima, su kan yi fumfuna. Fumfunar nan tana fitar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo fiye da 100,000 su ka mutu a Ingila a shekarar 1960, a ka bi sawu a ka tarar abincinsu na garin gyaɗa ne mai fumfuna. A shekarar 2004 kuma mutum 125 su ka rasu a ƙasar Kenya saboda cin masara mai wannan guba.

Hanta gubar ke kamawa. In ta yi yawa tana kisa nan da nan. In kuwa kaɗan-kaɗan a ke ci shekara da shekaru, tana iya jawo ciwon daji na hanta, kuma an ga yaran da ke yawan cinta ba su girma yadda ya kamata. Abin lura shi ne, suya da dahuwa ba su kashe ta. Tsinta ce maganinta.

Saboda haka a baza gyaɗar a faifai da rana tsaka, inda haske ya ke. A fitar da duk wadda ta yi baƙi, ko kore, ko ta motse, ko ƙwaro ya huda, ko ta fashe ta canja launi. A zubar da su, kada a ba yara su tauna, kada kuma a ba saniya ko akuyar da a ke tatsa, don gubar tana fitowa a nono. Wadda a ka tauna a ka ji ɗaci a tofar. Haka za a yi wa masara da waken suya.

Yadda A Ke Yi

A fara da wanke hannu da sabulu, a wanke ƙwarya da faifai da turmi. Ranar da rana ke da ƙarfi ta fi dacewa da wannan aiki.

1. A surfa geron sama-sama, kada a fitar da dusar duka, don akwai amfani a jikinta. A bakace, a wanke, a rege tsakuwa. A jiƙa shi ya kwana. Jiƙon nan yana rage wani abu da ke cikin ƙwayar hatsi mai hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe.

2. Da safe a tsame, a bar shi ya tsane, a ɓarza a turmi ko a inji ya zama tsaki. A tankaɗe garin da ya fita a ajiye don kunu.

3. A zuba tsakin a madambaci a turara kamar za a yi dambu, wajen minti 30 zuwa 40, har in an murza ƙwaya da yatsa a ji ta nuna. Wannan turarawa ita ce dahuwarsa, kada a tsallake ta. Ɗanyen tsaki ko an soya shi yana wuyar narkewa a cikin yaro.

4. A juye a kan tabarma mai tsabta ko babban faranti, a warware shi kada ya dunƙule, a shanya a bisa wani abu mai tudu inda kaji da awaki ba za su kai ba. A rufa masa ƙyalle marar kauri saboda ƙuda da ƙura. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin titi. Sai ya bushe ƙarau.

5. A dafa waken suya a tafasasshen ruwa kamar minti 20, a tsame, a shanya. In ya bushe a soya shi a kasko da ƙaramar wuta har ya yi ja-ja, warin ɗanyen wake ya tafi. A ɓarza, a sheƙe ɓawon, a daka ya yi laushi. Ɗanyen waken suya yana ɓata ciki, don haka tilas ya nuna sosai.

6. A soya gyaɗa yadda a ka saba, a murje ɓawon, a sake tsince duk wadda cikinta ya yi baƙi ko ruwan ƙasa. A daka sama-sama, kada ta kai ga fitar da mai.

7. A wanke riɗi, a rege, a shanya, a soya da ƙaramar wuta. Da ya fara tsalle yana ƙamshi a sauke, don ba ya wuyar ƙonewa, in kuwa ya ƙone ɗaci ya ke yi.

8. A ɗora kasko mai faɗi a kan garwashi, a zuba man gyaɗa, a zuba busasshen tsakin. A yi ta juyawa da muciya ba tsayawa, minti 15 zuwa 20, har ya yi ruwan zuma yana ƙamshi. In kaskon ƙarami ne a kasa tsakin biyu.

9. A janye wuta, a zuba gyaɗa da wake da riɗi da gishiri da citta, a juya. A zuba zuma a hankali ana juyawa, minti 2 ko 3, a sauke.

10. A baza a faranti ya huce. Da zafinsa za a ji shi da ɗan danshi, in ya huce ne ya ke yin ƙamas. A cire ƙwallon dabino, a duba cikinsa ko da ƙwaro, a yayyanka ƙanana, a zuba bayan ya huce.

Ajiya

Kada a rufe shi da ɗumi, don gumin da zai yi a jikin murfi shi ke kawo fumfuna. In ya huce sarai a zuba a gwangwani ko roba busasshiya mai murfi da ke kamawa gam. A ajiye a wuri mai sanyi, nesa da murhu, inda ɓera da kiyashi ba su kai ba. Da busasshen ludayi za a riƙa ɗiba, ban da jiƙaƙƙen hannu.

Da rani ya kan kai mako biyu lafiya. Da damina kuwa iska tana da laima, sai a yi na mako ɗaya kaɗai, in ya fara sanyi a mai da shi kasko a ɗumama. In an buɗe an ji warin tsohon mai, ko an ga fumfuna ko kaɗan, a zubar da shi duka.

Yadda A Ke Ba Yara

Daga haihuwa zuwa wata 6: nonon uwa kaɗai. Ba ruwa, ba kunu, ba zuma. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan.

Daga wata 6 zuwa shekara 2: a ci gaba da shayarwa. Kafin a sa zuma da gishiri da dabino, a ɗebi kason jariri a ware, a niƙa ya yi laushi, a tankaɗe. A dama da tafasasshen ruwa, a bar shi ya dahu kaɗan, ya yi kaurin da in an karkata cokali ba ya zuba da sauri. Ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 ko 3 a rana, daga wata 9 kuwa sau 3 ko 4. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko ɗigo ɗaya. A kan sami wata ƙwayar cuta a zuma wadda ba ta yi wa babba kome, amma a hanjin jariri tana fitar da guba mai shanye jiki, har ta hana numfashi.

Daga shekara 2 zuwa 5: a daka masa ya yi laushi kafin a zuba a nono ko koko. Ƙwayar gyaɗa guda ko gutsuren dabino yana iya shaƙe ƙaramin yaro, ko ya faɗa masa hanyar iska. A zaunar da shi ya ci, kada ya ci yana gudu ko yana kwance, babba kuma ya zauna kusa.

Daga shekara 5 zuwa sama: rabin gwangwani, babban yaro kuwa gwangwani guda. A zuba kindirmo ko madara, a bar shi minti 5 zuwa 10 ya jiƙa. In babu nono a zuba cikin koko ko kunu mai zafi.

Madarar shanu a tafasa ta kafin a ba yaro, kuma a tafasa ta kafin a kwantar da ita ta zama nono. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci daga jikin dabba zuwa mutum. Ruwan da za a sirka nono da shi ya zama tafasasshe ko na famfo mai tsabta.

Soyayyen hatsi yana da kashi na ɗaya da na biyu na abinci, saura na uku. Don haka a haɗa wa yaro da abin da lokaci ya kawo: mangwaro, gwanda, gwaiba ko lemo. In ba lokacinsu ba ne, a barbaɗa garin 'ya'yan kuka, wanda a ke dama kwalba da shi, cokali ɗaya a cikin nonon. Bitamin C da ke cikin waɗannan yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga gero da riɗi. Shayi kuwa akasin haka ya ke yi, saboda haka kada a ba yaro shayi tare da abincin.

Maganar Zaƙi

Yaro yana son zaƙi, kuma in an saba masa da mai yawa ba ya ƙara yarda da marar zaƙi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da a ke ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in ya gaza kashi 5 ma ya fi. Kashi 5 ɗin nan ga babba wajen cokalin shayi 6 ne, ga yaro kuwa bai kai haka ba. Yawancin lemon kwalba mai santilita 35 yana ɗauke da sukari cokalin shayi 8 ko 9.

Zuma da mazarƙwaila su ma a lissafin sukari su ke. Shi ya sa mu ka ce cokali 4 kaɗai a awon mako guda na yara uku. Kada uwargida ta ƙara don yara sun roƙa. Ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa ba a sa masa sukari a abinci sam. Bayan cin abinci yaro ya kurkure baki, ya kuma goge haƙora safe da dare.

Tambayoyin Da A Kan Yi

Ashe wannan ba wahala ba ce? Aikin yini biyu ne, amma yawancinsa jiran shanya ne. Bayan nan kwana bakwai ba a hura wutar safe domin yara ba, itace ma ya huta. Matan gida ɗaya ko maƙwabta suna iya haɗuwa su yi da yawa su raba.

Ko gyaɗa tana cutar da wasu yara? I, akwai 'yan kaɗan da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi ko waken suya. Ranar farko a ba yaro ɗan kaɗan a lura da shi. In jikinsa ya yi borin jini, ko leɓe da fuska su ka kumbura, ko ya yi ta amai, a daina ba shi a nuna wa ma'aikacin lafiya. In numfashi ya yi masa wuya a garzaya asibiti nan take.

In yaro yana cin wannan, ya wadatu ke nan? A'a. Karin kumallo ne kawai. Yana bukatar abincin rana da na dare da miyar ganye, da ƙwai ko kifi ko nama duk sa'ad da a ka samu. Maganar da a ke yi wai ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe. A dafa ƙwan ya nuna a ba shi.

Yaron Da Ya Rame

Soyayyen hatsi rigakafi ne. In yaro ya riga ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, in an danna da yatsa wurin ya lotsa, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, ko ya ƙi cin abinci, to, magana ta wuce ta gida. A kai shi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa ran nan. Ma'aikatan lafiya za su auna damtsensa da wani ɗan tsiri mai launi uku. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in awon ya faɗa kan ja, watau bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa ce mai tsanani. Akwai abinci na musamman da a ke ba irin waɗannan yara cikin 'yan fakiti, wanda a ka haɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da mai da bitamin. Magani ne, na yaron da a ka rubuta wa ne shi kaɗai. Kada a raba wa 'yan'uwansa, kada a kai kasuwa.

Aikin Maigida

Maigida, uwargida ba za ta soya abin da babu ba. Da kaka, kafin ka kai gyaɗa da riɗi da waken suya kasuwa, fara ware na yara. Bisa awon da mu ka bayar, yara uku za su ci gyaɗa gwangwani 104 a shekara, riɗi 52, waken suya 52. Wanda ya sayar duka da kaka, da bazara zai sayo da tsada, ko yaran su rasa.

Ka cire gyaɗa da zarar ta ƙosa, ka shanya ta har in an girgiza kwanso a ji ƙwaya tana ƙara. Buhunan kuwa a ɗora su bisa katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Akwai wani magani mai suna Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ƙirƙiro, a kan watsa shi a gonar gyaɗa ko masara mako 2 zuwa 3 kafin fure, yana rage gubar nan tun daga gona. Tambayi malamin gona na yankinku.

Wajen rabo kuma a yi adalci. 'Ya mace tana bukatar abinci kamar ɗa namiji, mai zuwa kiwo kamar mai zuwa makaranta. Ƙaramin yaro a zuba masa a kwanonsa dabam, don in an haɗa shi da manya kafin ya kai loma biyu sun side ƙwarya.

Abubuwan Tunawa

1. Kada yaro ya fita da safe bai karya kumallo ba.
2. A haɗa hatsi da gyaɗa ko wake, a ƙara nono da ɗan itace.
3. A tsince gyaɗa da masara, mai fumfuna a zubar.
4. A turara tsaki, a dafa waken suya, sa'an nan a soya.
5. A bar shi ya huce kafin a rufe, a ɗiba da busasshen ludayi.
6. Nonon uwa kaɗai har wata 6. Ba zuma sai bayan shekara 1. Ba ƙwayar gyaɗa guda sai bayan shekara 5.
7. A rage zaƙi, a tafasa madara, a wanke hannu da sabulu.
8. Yaron da ya rame ko ya kumbura a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Wanda ya gama karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.